Lita uku a tanki, ɗaya ke zama wuta: ina sauran man injinan manyan ma'aikatu ke tafiya?

Duk wanda ke cin kasuwa tsakanin Maradi da Jibiya, ko Birnin Ƙonni da Illela, ko Magarya da Ɓaɓura, bai manta da daminar shekarar 2023 ba. Kwanaki kaɗan bayan sauyin mulkin da aka yi a Yamai ranar 26 ga Yuli, Najeriya ta katse wutar lantarkin da take sayar wa Nijar, bisa takunkumin da ƙungiyar CEDEAO ta ƙaƙaba. A lokacin kusan kashi 70 cikin ɗari na wutar da kamfanin NIGELEC ke rarrabawa daga can take zuwa, ta layin Birnin Kebbi zuwa Yamai da kuma wanda ke tasowa daga Katsina ya biyo ta Gazawa ya rabu zuwa Maradi da Damagaram. Sai a watan Maris na 2024 aka ba da umurnin maido da ita. A tsakanin nan mai ƙanƙara ya ga ta kansa, mai kifin sanyi ya zubar da kaya, mai walda da mai injin niƙa sun yi zaman jiran kuran kamar masu jiran ganin watan salla.

Manyan ma'aikatu kuwa, wato asibitoci da jami'o'i da masana'antu da otel-otel da bankuna, sai suka koma kan injinansu na ba da wuta, wanda mutanen wannan gefe ke ce wa gurub, na wancan gefe kuma janareta. Injin da aka saya domin ya riƙe wuta na awa biyu ko uku in an ɗauke, sai ga shi yana kwana yana yini a kunne. A nan ne shugabanni da yawa suka fara kallon takardar kuɗin gazuwal da idon basira, suna tambayar abin da ya kamata a ce sun tambaya tun da daɗewa: shin man da muke zubawa, nawa ne daga cikinsa ke komawa wuta?

Wani zai ce ina ruwan ɗan kasuwa da ɗakin injin asibiti. Ruwansa kuwa da yawa. Mu ne muke kai musu man, mu ne muke sayar da baƙin mai da matatar iska da ƙwan fitila da firji. In asibiti ta ƙone kuɗinta a hayaƙi, a kan takardar majinyaci ake fanshewa, majinyacin nan kuwa ɗanmu ne ko matarmu. Bayan haka, babbar kasuwa ita kanta ma'aikata ce mai ɗaruruwan shaguna, kuma abin da ke cin kuɗin asibiti shi ne ke cin namu, sai dai mu a warwatse yake, shi ya sa ba mu ganin girmansa.

Lissafin da ke cikin lita guda

Litar gazuwal guda tana ɗauke da ƙarfin da ya kai kusan kilowat-awa 10. Kilowat-awa shi ne ma'aunin da mitar wuta ke ƙirgawa, wanda a Najeriya ake ce wa yunit. Babban inji mai lafiya, wanda aka ɗora wa kaya daidai ƙarfinsa, yana fitar da kilowat-awa 3 zuwa 3 da rabi daga kowace lita, in ya yi ƙoƙari sosai ya kusanci 4. Wato in ka zuba lita uku, guda ɗaya ce ke zama wuta. Sauran biyun zafi suke zama: kusan rabi ya bi bututun hayaƙi ya fita, sauran kuma ya shiga ruwan lagireto fanka ta watsa shi cikin iska. Wannan ba laifin makaniki ba ne, haka ƙirar injin take. Ƙaramin janareta mai shan fetur da muke ajewa a bakin shago ya fi haka ɓarna nesa ba kusa ba, domin abin da yake bayarwa bai cika wuce kilowat-awa 1 zuwa 2 a lita ba.

To in haka ne, hanya biyu ce ke gaban mai inji. Ko dai ya tabbata kashi ɗayan nan da ke zama wuta bai ragu ba, ko kuma ya nemi dabarar kama wani abu daga cikin kashi biyun da ke gudu. Ta farko ba ta da tsada, kuma ita aka fi sakaci da ita.

Mun taɓa shiga ɗakin injin wata babbar asibiti da tsakar dare, lokacin da muke jinyar wani ɗan'uwa, zafi da ƙara suka hana mu barci. Injin ƙato ne, ya kusa cika ɗakin, yana ruri kamar zai tsaga bango. Amma da muka duba allurar da ke nuna nauyin da yake ɗauke da shi, da ƙyar ta ɗaga daga ƙasa. Ofisoshi a rufe, ɗakin wanki a kashe, abin da ke cin wuta bai wuce fitilu da fankoki da ƴan na'urorin ɗakin haihuwa ba. Mai gadin injin ya ce haka ake yi kullum, tunda shi kaɗai ne injin da ake da shi. Kamar mutum ne ya tayar da tirela daga Maradi zuwa Ɗan Isa domin ya kai buhun gero biyu.

Bari mu yi lissafi da misali. Injin da ke da ƙarfin kVA 500, wato kilowat 400, in yana ɗauke da kashi uku cikin huɗu na ƙarfinsa yana shan abin da ya kai lita 80 a awa, ya ba da kilowat 300. Wannan ciniki ne mai kyau. Amma in da dare bukata ta sauka zuwa kilowat 40, shan mansa ba ya sauka daidai da haka, domin juya kansa kaɗai da fankarsa na cin mai. Zai riƙa shan kusan lita 18 a awa. Ƙaramin inji mai kVA 60 zai ɗauki wannan nauyin da kusan lita 12. Bambancin lita 6 a awa ba ya kama da wani abu, sai ka ninka shi da awa 8 na dare, ka sake ninkawa da kwana 30. Ya zama lita 1,440 a wata, duro bakwai da ɗoriya. Kowa ya buga da farashin da ake sayarwa yau a garinsu, zai ga cikin wata nawa kuɗin ƙaramin injin zai fito.

Asarar ma ba ta tsaya ga mai ba. Injin gazuwal da ke daɗewa yana aiki ƙasa da kashi 30 cikin ɗari na ƙarfinsa ba ya yin zafin da zai ƙone man sarai. Ragowar sai ta daskare a bakin nozul da bawul, ta riƙa tsiyaya baƙi ƙirin daga bututun hayaƙi. Mai injin na ganin yana lallaɓa shi ne, alhali kuwa yana kusantar da shi ga makaniki. Shi ya sa ma'aikatun da suka san abin da suke yi ba su sayen ƙato guda. Sukan sayi matsakaita biyu ko uku, a haɗa su da na'urar da ke daidaita tafiyarsu, in aiki ya yi yawa su tashi tare, in ya ragu ɗaya ya huta. In ɗaya ya lalace kuma ba a shiga duhu gaba ɗaya ba. Sai dai mun lura a ƙasashenmu sayen babban inji ya zama abin alfahari, ga shi kuma mai kwangila ya fi samun riba a babba.

Sai maganar ƙura da zafi, wadda ta shafe mu kai tsaye. Inji da iska yake numfashi. Lokacin hunturu, in buji ya taso, matatar iska na toshewa cikin ƴan kwanaki, inji ya shaƙe, hayaƙi ya yi baƙi, mai ya riƙa tafiya a banza. Da bazara kuma, a watannin Afrilu da Mayu da zafi ke haura digiri 40 a yankinmu, iska na yin sako-sako, injin ba ya iya ba da cikakken ƙarfin da aka rubuta a jikinsa, musamman in an kulle shi a ɗaki marar tagogi yana sake shaƙar zafin da ya fitar. Buɗe wa ɗakin inji hanyar shigar iska da ta fitarta aikin magini ne na kwana biyu.

A nan dole mu faɗa wa kanmu gaskiya. Matatar jabu da ake sawa a kwalin ta ainihi, da baƙin man da aka sake durawa a galan, da gazuwal ɗin da aka gauraya da kananzir ko ya sha ruwa a cikin duro, duk ta hannun ƴan kasuwa suke bi kafin su isa ɗakin inji. Wanda ya sayar wa asibiti irin wannan kaya ya ci ribar yini guda, amma ranar da famfon man injin ya tsaya ana tsakar tiyata, bai san ko wane ne ke kwance a kan gadon ba.

Kama zafin da ke gudu

Hanya ta biyu ta fi ban sha'awa, ta kuma fi tsada. Hayaƙin da ke fita daga injin gazuwal yana kai digiri 400 zuwa 500. Wuta ce sosai, wadda an riga an biya kuɗinta.

Manyan tashoshin wuta na maƙwabtanmu sun nuna abin da ake iya yi da ita. A Azito, cikin birnin Abijan, akwai injinan iskar gas guda biyu da ke ba da kusan megawat 290. A 2015 aka kammala ƙara musu tukunyar da ke karɓar hayaƙinsu ta tafasa ruwa, tururin ya juya inji na uku. Tashar ta haura zuwa kusan megawat 430 ba tare da an ƙara ƙona gas ba. A shekarar dai, tasha ta biyu ta Takoradi da ke Aboadze a Gana ta tashi daga megawat 220 zuwa 330 ta wannan hanya. Domin a gane girman abin, tashar Goru Banda da aka buɗe a Yamai a 2017 da megawat 80 ta fara. Wato abin da Azito ta tsamo daga cikin hayaƙi kaɗai ya fi ƙarfin Goru Banda ta wancan lokaci.

Kamfanonin sukari sun daɗe da sanin wannan sirri. A Kenana ta Sudan, da Mbandjock da Nkoteng na Kamaru, an gina masana'antun ne a kan ƙona tuƙar rake bayan an matse ta. Tururin da aka samu ya fara juya injin wuta, sannan in ya fito da sauran zafinsa a tura shi ya dafa ruwan raken. Tururi guda, aiki biyu. In aka yi haka, abin da ake amfana da shi daga makamashin kan kai kashi 70 zuwa 80 cikin ɗari, maimakon kashi 35.

Asibiti ko jami'a ba ta bukatar kayan Azito. Abin da take bukata shi ne tukunyar da ake ɗaurawa a kan bututun hayaƙi, da wata na'urar da ke karɓar zafin ruwan lagireto. Injin nan namu mai ba da kilowat 300, ko da kilowat 200 kawai aka kama daga zafinsa, ya isa ya ɗaga sama da lita 2,800 na ruwa daga digiri 25 zuwa 85 a kowace awa, duro goma sha huɗu ke nan. Ɗakin wankin zannuwan majinyata da madafa duk ruwan zafi suke nema, kuma sau da yawa za ka tarar ana dafa shi da hita mai cin wutar da injin nan ya sha wahala ya samar, ko da itacen da aka saro daga dajin da ya riga ya ƙare.

Abin da ya fi ba mutane mamaki shi ne zafi na iya haifar da sanyi. Amma wanda ya girma a ƙauye ya san firjin kananzir da ake ajiye allurar rigakafi a ƙananan asibitoci: ƴar fitila na ci a ƙasa, ƙanƙara na daskarewa a sama. Akwai manyan na'urori masu aiki da wannan hikima, waɗanda ke shan zafin inji su ba da ruwan sanyi na sanyaya ɗakuna.

To amma kada mu yi saurin tafi. A Turai wannan dabara na biyan kuɗinta da wuri domin suna da watanni na sanyi da ake bukatar ɗumama gidaje. Mu zafi ne ya yi mana yawa. In ma'aikata ba ta da aikin da zai sha ruwan zafi ko tururi kowace rana, ko kuma injinta na tashi ne kawai in an ɗauke wuta, sayen tukunyar nan asara ce. Na'urar sanyin kuma tana son ruwa mai yawa da ma'aikacin da ya ƙware, abubuwa biyu da ba ko'ina ake samunsu ba. A ganinmu wuraren da abin zai yi riba su ne manyan asibitoci, da masana'antun madara da na jima da na gumin shinkafa, da otel-otel masu yawan baƙi. Makarantar da ke rufewa da ƙarfe shida ta nemi wata hanyar.

Wutar da ba a ci ba

Akwai gyaran da ba a ɗakin inji ake yinsa ba, kuma Gana ce ta fi ba da misali a kansa. A 2007, lokacin da ruwan madatsar Akosombo ya ja baya aka shiga rabon wuta, gwamnati ta raba ƙwayayen fitila marasa cin wuta guda miliyan 6 kyauta, ta karɓe tsofaffin. Bukatar wuta ta lokacin da aka fi cinta da dare ta ragu da sama da megawat 120, kamar an gina sabuwar tasha. Daga 2013 kuma ta hana shigo da tsofaffin firji na gwanjo, domin wanda ya gama shekarunsa a Turai kan ci ninkin abin da sabo ke ci, ko fiye. Ƴan'uwanmu masu wannan sana'a a Kumasi da Ankara sun ji jiki, ba mu musa ba. Amma mu da ke ɗauko irin waɗannan firji da na'urorin sanyaya ɗaki daga Kwatano da Lome ya kamata mu san cewa arahar da mai saye ke gani ranar ciniki, a wajen mai yake biyanta wata bayan wata.

Maganar fitila kam an ci rabin yaƙin, tunda ƙwan LED mai wat 9 ya kori mai wat 60 daga yawancin shaguna. Kasuwa mai ƙwai 1,000 da ta yi wannan canji ta sauke kilowat 51 daga wuyan injinta, wanda a awa biyar ya kai kusan lita 80 na gazuwal. Saura na'urorin sanyi da tsofaffin injinan niƙa da famfunan ruwa.

Hasken rana ma ya shigo cikin lissafin. Malbaza ta samu tashar megawat 7 a 2018, Goru Banda ta samu ta megawat 30 a 2023. Ta fuskar ma'aikatu, a watan Satumba na 2019 aka buɗe wa Jami'ar Bayero ta Kano tasha mai megawat 7.1 da ta haɗa faifan rana da batura da injin gazuwal, kuma tun a 2018 aka fara haɗa shagunan kasuwar Sabon Gari ta Kano da wutar rana. Amfanin wannan haɗi shi ne rana ta ɗauki nauyin yini, inji ya rage shan mai. Sai dai faifan da ƙura ta rufe ba ya ba da abin kirki, zafi mai tsanani na rage masa ƙarfi, baturi kuma yana da ajalinsa. Wanda bai ware kuɗin wanki da na canjin baturi tun ranar farko ba, bayan ƴan shekaru zai koma kan gazuwal da bashi a wuya. Haka kuma in rana ta ɗauke kusan duk nauyin aka bar babban inji yana juyawa fanko, an koma matsalar nan ta kashi 30 da muka ambata.

Yanzu mu dawo kasuwa. Tun da Najeriya ta janye tallafin fetur a ƙarshen watan Mayu na 2023, zamanin man araha na ƴan ruwa-ruwa ya wuce, kuma kowane ƙaramin janareta da ke bakin shago ya zama rami a aljihun mai shi, ban da hayaƙinsa mai kisa in an kunna shi a rufaffen wuri, da haɗarin gobara a inda jarkokin fetur ke kwana kusa da atamfa. Layi guda mai shago 50, kowa da nasa, yana ƙona ninki biyu ko fiye na man da inji guda matsakaici zai sha ya ba su wuta iri ɗaya. A wasu kasuwanni an riga an fara: mutum guda ya sayi inji ya ja waya, yana karɓar kuɗi a kan kowane ƙwai ko kowace fanka. Matsalar wannan tsari ita ce wanda ke biyan kuɗi tsayayye ba ya kashe komai, kuma mai firji uku a ɓoye yana hawa kan mai ƙwai ɗaya. Ƙaramar mita a kowane shago tana kashe wannan rigima, kuma kuɗinta bai kai na mai na wata guda ba.

Mita ɗin nan dai ita ce farkon gyara a asibiti da jami'a ma. Ma'aikatu da yawa sun san lita nawa suka saya, amma ba su san wuta nawa ta fito ba. Abin da ake bukata littafi ne guda a ɗakin inji, a riƙa rubuta abu uku kowace safiya: litar da aka zuba, awannin da injin ya yi, da abin da mitar wuta ta nuna. A ƙarshen mako a raba kilowat-awa da lita. In amsar ta kai 3 ko ta haura, injin na lafiya. In ta sauka zuwa 2 da rabi, a duba matata da nozul da nauyin da ake ɗora masa. In kuwa ta faɗi ƙasa da 2 alhali makaniki ya ce babu abin da ya samu injin, kuma nauyinsa daidai ne, to a bar injin ya huta da zargi, a je a tambayi wanda makullin tankin ke hannunsa.